Rumbu Uku a Gajimare, Mu Kuma Ba Sabis

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya kai zangon ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta ya san wata jimla da ake yawan ƙawata furojet da ita. Za ka ga an rubuta cewa za a ɗora rumbun bayanan a gajimare, a rarraba kwafinsa a yankuna daban-daban na duniya, saboda haka ba zai taɓa faɗuwa ba. Jimlar tana da daɗin ji, kuma tana sa a gyaɗa kai ranar kare furojet. Ni dai ina da ja a kanta. Tsarin da take kwatantawa an gina shi ne don maganin gobara da ɗaukewar wuta a wani gini mai nisa, alhali abin da ya fi raba mu da bayananmu a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi shi ne yankewar hanyar da ke tsakaninmu da ginin. Idan ba mu lissafa garinmu a cikin yankunan ba, ko kwafi goma muka yi, na wasu ne.

Bari in ɗan yi wa 'yan akanta da 'yan injiniya bayani, don kada su juya shafi. Rumbun bayanai shi ne inda ake tara sunanka da lambar rajistarka da kwasa-kwasan da ka ɗauka da makin da ka ci da shaidar kuɗin da ka biya. Duk lokacin da ka buɗe fotal, da shi kake magana. Gajimare kuwa suna ne kawai, babu komai a sama. Kwamfutocin wasu ne, jere a manyan gine-gine masu sanyi, kana biyan haya ana ajiye maka. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google sun kasa waɗannan gine-gine gungu-gungu a sassan duniya, kowane gungu suna kiransa yanki. Rarraba rumbu a yankuna yana nufin duk abin da aka rubuta a wannan gungu a kwafe shi zuwa wancan, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗayan zai ɗauki aiki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Manomin da ya san abin da yake yi ba ya zuba gero da dawa da irin shukar baɗi duka a rumbu ɗaya. Wani yana bayan gida, wani yana wurin ɗan uwa a gari, musamman a 'yan shekarun nan da muka ga yadda ake cinna wa rumbuna wuta a ƙauyuka. Kuma masu kwamfuta sun koyi darasin da tsada. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu hulɗa da kamfanin suka tashi ba komai, domin kwafin da suke taƙama da shi yana cikin harabar da ta ƙone. A Satumban 2025 batir ya kama wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, wani ma'ajin takardun ma'aikata mai terabayit 858 ya salwanta saboda ba a yi masa kwafi a wani wuri ba. Koriya ta Kudu fa, ƙasar Samsung. Wata guda bayan haka, ranar 20 ga Oktoba, matsala a yankin Amazon guda ɗaya da ke jihar Bajiniya ta Amurka ta durƙusar da manhajoji da yawa a faɗin duniya na tsawon sa'o'i. Saboda haka duk wanda ya ce a yi kwafi a wuri fiye da ɗaya, ina bayansa.

Tambayar ita ce: ina wuraren suke? Microsoft ya buɗe yankunansa na farko a Afirka a 2019, a Johannesburg da Cape Town. Amazon ya buɗe nasa a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a farkon 2024. Duk a Afirka ta Kudu. A 2023 Amazon ya kafa ɗan ƙaramin reshe a Legas, wanda bai kai cikakken yanki ba. Idan ɗalibinmu ya zana taswirarsa ya sa ɗigo uku, yawanci za ka ga Cape Town da Landan da wani gari a Jamus ko Amurka. Daga Legas zuwa Cape Town kusan kilomita 4,800 ne, haske kuma a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa kafin a lissafa kwana-kwanar hanya. Wannan jinkirin shi littattafanmu suka fi damuwa da shi. Ni kam ba ya hana ni barci. Wanda ya saba ɗaga waya sama a bakin tagar hostel yana neman sanda ɗaya ta sabis ba zai yi kuka da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba.

Abin da ke hana ni barci ya faru ne a farkon Satumban 2021. Bayan sace ɗalibai a wata sakandare a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta nemi a katse sadarwa, hukumar NCC ta ba kamfanonin waya umarni a wasiƙa mai kwanan wata 3 ga Satumba, aka kashe kowane ƙarfen sabis a jihar Zamfara. An ce mako biyu ne. Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da jira makonni bayan haka. A lokaci guda an rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, an kuma taƙaita sayar da mai. Ba na nan don in yanke hukunci ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro, wannan muhawarar wasu ce. Abin da nake so mu duba shi ne yadda abin ya kasance ga rumbun bayanai. A duk waɗannan makonni babu sabar banki ko ɗaya da ta mutu. Kuɗin mutane suna nan daram a Legas, kowane kwafi ya yi daidai da ɗan uwansa, injiniyan da ke gadin tsarin yana kallon allonsa kore shar. Amma mai POS a Kaura ya kulle rumfa, uwa a Zurmi ba ta iya karɓar abin da ɗanta ya turo daga Kudu ba, mai neman gurbin karatu bai iya duba ko sunansa ya fito ba. A lissafin masu gajimare tsarin bai faɗi ko na minti ɗaya ba, mu kuwa a wurinmu ya mutu murus.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata kowane ɗalibin kwamfuta ya haddace. Da aka kashe Zamfara, mutane suka fara hawa mota zuwa maƙwabta don su yi kira ɗaya su dawo. 'Yan Gusau suka nufi Funtuwa. Kwana kaɗan sai Katsina ma ta kashe ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar da Jibiya, wadda ita ce mafitar mutanen Zurmi. Kafin watan ya ƙare Sakkwato ta kashe 14, ciki har da Isa da Sabon Birni, maƙwabtan Shinkafi. Kaduna ma ta bi sahu a wasu sassanta. Ka ga, maƙwabcinka da kuke shan ruwan sama ɗaya ba ya zama maka yanki na biyu. Abin da ya same ka shi zai same shi, a rana ɗaya ko a mako ɗaya. Wanda ya ajiye kwafi a Kaura da Shinkafi da Zurmi kaɗai yana murna ya yi uku, a wancan watan ya yi ɗaya ne sau uku.

Kuma ba sai gwamnati ta ba da umarni ba. A Afrilun 2024 'yan bindiga sun shiga garin Zurmi, cikin ɓarnar da suka yi har da ƙarfen sabis. Wata guda kafin nan, ranar 14 ga Maris, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da dama a Nijeriya suka shiga rikici na kwanaki. Ga masu aikin titi da ke tsinke waya da katafila, ga ƙarfen da man janaretansa ya ƙare saboda motar da za ta kai ta ji tsoron hanya. Kaura dama tun asali ƙarshen layi ce. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1929 ya tsaya, don kwasar gyaɗa da auduga. Duk garin da yake a ƙarshen layi, abin da ya faru a kowace tasha ta gabansa yana shafarsa, shi kuwa nasa ba ya shafar kowa. Haka muke a intanet ma.

To, ra'ayina ke nan: duk tsarin da za a gina don mutanen wannan yanki, na makaranta ne ko na asibiti ko na ƙungiyar manoma, a ɗauki nan a matsayin yanki na farko. Kwafi ɗaya ya zauna a cikin harabar da ake amfani da shi, a kan kwamfutar da ke cin sola, wadda za a iya kaiwa gare ta ta waya ko wayifai na cikin gida ko da duk ƙarafan sabis sun yi shiru. Na biyu ya zauna a cikin ƙasa amma nesa da ruwan samanmu, kamar Abuja ko Kano, inda kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yake da cibiyoyi, ta Kano an buɗe ta a farkon 2023. Na uku in ana da hali a kai shi can nesa. Kwafin gida kuma kada ya zama na kallo kawai. Ya iya karɓar rubutu, ya riƙe, in hanya ta buɗe ya aika.

Na san abin da abokaina na aji za su ce, domin mun sha yin wannan musun a gindin bishiya. Wani zai ce, "Malam, wanga abu da kaka hwaɗi, in kowa ya rubuta nashi, wa ag da gaskiya?" Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce zuciyar maganar. Ka ɗauki wani Alhaji mai shagon hatsi biyu, ɗaya a Kaura ɗaya a Shinkafi, da littafin bashi a kowane shago. Dokarsa ita ce kada a ba kowa bashin da ya wuce buhu biyar. Kullum da yamma yaran shagon biyu suna waya su daidaita littattafai. Ranar da sabis ya ɗauke, wani abokin ciniki ya zo Kaura yana neman buhu huɗu. Yaron shago yana da zaɓi biyu kacal. Ko ya ce a yi haƙuri sai ya ji daga Shinkafi, ya hana mutumin kirki kaya, ko ya bayar, alhali mai yiwuwa mutumin ya riga ya karɓi huɗu a can da safe. Ba zai iya samun biyun ba, wato ya yi wa kowa hidima nan take kuma littattafai su zama ɗaya. Wannan shi ne abin da wani masani, Eric Brewer, ya gabatar a shekarar 2000, wasu biyu suka tabbatar da shi da lissafi a 2002, muka haddace shi da sunan ka'idar CAP muka rubuta a jarrabawa. Idan hanya ta yanke, ko dai ka zaɓi daidaito ko ka zaɓi ci gaba da aiki.

Manyan tsare-tsare sukan zaɓi daidaito ta hanyar rinjaye. A yi kwafi uku, kada a amince da rubutu sai biyu sun sa hannu. Shi ya sa ake son adadi mara, uku ko biyar, don kada a yi kunnen doki. Google ma har agogon atom da na tauraron ɗan'adam ya sa a cibiyoyinsa don tsarinsa na Spanner ya san wane rubutu ya riga wane. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma duba abin da rinjaye yake nufi gare mu: idan kwafin suna Kaura da Abuja da Legas, aka yanke Zamfara, Abuja da Legas su ne masu rinjaye, za su ci gaba da harkarsu, na Kaura kuma doka ta ce ya kama bakinsa. Kullum mu ne marasa rinjaye. Wanda ya kwafo wannan tsari daga littafi bai canza komai ba, ya gina na'urar da za ta riƙa cire mu da kanta duk lokacin da aka shiga matsala.

Mafita tana wurin Alhajin. Ɗan kasuwa mai wayo ba zai zauna yana jiran waya ba. Zai ce mutanen Kaura littafinsu yana Kaura, na Shinkafi yana Shinkafi, kowa ya ci bashi a inda aka san shi. Ko ya raba buhu biyar ɗin, uku a nan biyu a can, kowane yaro ya yi iko da rabonsa ba sai ya tambayi kowa ba. Wato kowane bayani a ba shi gida, a kuma san wanda yake da maganar ƙarshe a kansa. Idan muka zauna muka bi bayanan ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, za mu ga yawancinsu gidansu yana nan. Wa yake rubuta makin jarrabawa? Malami, a cikin haraba. Wa yake rajistar kwas? Ɗalibi, mafi yawa a cikin haraba ko cikin gari. Jadawalin lacca, rabon gado a hostel, sunayen masu jefa ƙuri'a a zaɓen ƙungiyar ɗalibai, katin asibitin makaranta, duk a nan ake haifarsu, a nan ake cinye su. Babu dalilin da zai sa rajistar kwas tsakanin ɗalibi da ofishin da ke taku ɗari daga inda yake tsaye sai ta je Afirka ta Kudu ta dawo. Irin waɗannan, kwafin gida shi ne uba, na nesa su bi shi a baya, ko da da jinkirin kwana uku ne.

Kuɗi kuma daban ne, kuma a nan zan sassauta. Kuɗin makarantun tarayya ta Remita suke bi zuwa asusun gwamnati, gidansu ba nan ba ne. Kwamfutar da ke Kaura ba ta da ikon cewa an biya alhali ba ta ji daga can ba, in ba haka ba rasit ɗin bogi zai cika gari. Abin da za ta iya shi ne ta karɓi lambar biyan, ta yi wa ɗalibi rajista ta wucin gadi, ta rubuta cewa ana jiran tabbaci. Sabis ya dawo, a tantance, mai gaskiya ya wuce, mai ƙarya a soke. Haka abin da ya shafi JAMB da bautar ƙasa da bashin karatu na NELFUND, su ma maganar ƙarshe tana Abuja. Amma jerin sunayen da za a tura musu ai a nan ake haɗa shi, kuma ana iya gama haɗa shi cikin duhun sabis, ya zauna a layi yana jiran hanya.

Kada wani ya ɗauka mafarki nake yi. Duk wanda ya yi zaɓen 2023 ya ga na'urar BVAS. Kowace ɗaya tana ɗauke da bayanan masu zaɓe na rumfarta, tana tantance yatsa ko fuska ba tare da sabis ba, sai wajen tura hoton sakamako take neman intanet. Ko me mutum zai ce game da abin da ya biyo baya, wannan rabon aikin daidai yake: abin da ake buƙata a rumfa yana rumfa. A Kano ma akwai ƙungiyar eHealth Africa, wadda a lokacin cutar Ebola ta 2014 ta gina manhajojin bin sawun masu cutar a kan CouchDB da PouchDB, rumbunan da aka ƙera musamman don su yi aiki a waya ba sabis, su daidaita da uwar garke in an samu. Kyauta ne, kowa zai iya saukewa yau. Masu aikin rigakafi da ƙidayar jin kai da ke shiga ƙauyukanmu da ODK ko KoboToolbox haka suke yi, su cika fom a daji su tura in sun shigo gari. Ilimin yana nan kusa da mu, mu ne muka fi son zana taswirar duniya da ɗigo uku.

Batun tsada ma yana goyon bayana. Hayar gajimaren waje da dala ake lissafa ta. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi kasafi da naira ya ga hayarsa ta ninka uku ba tare da ya ƙara ko fayil ɗaya ba, kuma kamfanonin suna cajin kuɗi daban a kan bayanan da ke tafiya daga yanki zuwa yanki. Alhali kayan namu ba su da nauyi. A ce makaranta tana da ɗalibai 10,000, kowane ɗaya bayanansa na rubutu sun kai kilobayit 100, wanda ya yi yawa ma. Jimla gigabayit ɗaya ke nan, bai kai fim biyu na Kannywood da ke wayarka ba. Ƙaramar kwamfuta da batir da faifan sola biyu za su riƙe shi, PostgreSQL kuma ba a sayensa. Abin da ke da tsada shi ne mutumin da zai kula da ita kullum, ya share ƙurar hunturu, ya duba batir, ya tabbatar kwafin jiya ya tafi. A makarantar da ke yaye masu difloma a kwamfuta da lantarki duk shekara, in aka ce ba a samu wannan mutumin ba, to da sauran magana.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ba ta fasaha ba ce, kuma ba zan ɓoye ta ba. Rumbun ɗalibai yana ɗauke da sunan mahaifi, da lambar wayarsa, da sana'arsa, da unguwar da yake zaune. A wani wuri wannan bayanin talla kawai za a yi da shi. A nan jerin sunaye ne ga mai garkuwa da mutane, kuma kowa ya san yadda matsalar masu kai rahoto ta addabi garuruwanmu. Kowane kwafi da ka ƙara, ka ƙara ƙofa. Kwamfutar da ke Cape Town ba wanda zai ɗauke ta a kan babur, wadda ke wani ofishi a Zurmi kuwa ana iya ɗauka. Saboda haka kwafin gida sai da sharaɗi. A kulle faifan da mabuɗin sirri ta yadda ko an sace shi ƙarfe kawai aka sata. Kada a ajiye abin da aikin yau da kullum ba ya buƙata: rajistar kwas ba ta buƙatar sanin ko mahaifinka ɗan kasuwa ne. Idan za a kai ƙaramin kwafi wata cibiya a Shinkafi, ya ɗauki na mutanen da ke amfani da ita kaɗai. Kuma duk wanda ya buɗe bayanin wani, tsarin ya rubuta sunansa da lokaci. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayananmu nauyin tsare su, ta kuma sa sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje, abin da masu ɗigo a Landan ba sa ko ambata a furojet ɗinsu.

Wani abu kuma da ake yawan cakuɗawa: kwafin da ke bin uba nan take ba ajiya ba ne. Idan wani mara tsoron Allah ya shiga ya mayar da F ta koma A, ko wani ya goge tebur gaba ɗaya bisa kuskure, cikin daƙiƙa guda duk yankunan za su kwafi ɓarnar da biyayya. Abin da ke ceto a ranar shi ne ajiya mai kwanan wata, ta jiya da ta makon jiya da ta watan jiya, wadda ba a iya gyara ta, wata ma a faifan da ba ya haɗe da komai, a kulle a durowa. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, zato ce kawai.

Masu cewa a sayi Starlink a huta, na ji ku. Tun da ya shigo Nijeriya a Janairun 2023 ya taimaki mutane da yawa, kuma ina son a samu hanya ta biyu da ba ta bi ta ƙarfen sabis. Sai dai shi ma hanya ce, ba rumbu ba. Yana son wuta, yana son kuɗin wata, kuma da lasisin NCC yake aiki, hukumar da ta rubuta wasiƙar 2021. Hanya biyu ta fi ɗaya, amma ba ta kai a ce kayan suna ɗakinka ba.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu ba shi da yawa. Bayanan nan namu ne, wasunmu shekara biyu ko huɗu na wahala da kuɗin iyaye suna cikin layi ɗaya na wani tebur, kuma bayan shekara goma za mu dawo neman takardar cikakken sakamako. Muna da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi a zama na gaba da hukuma: kwafi nawa ne, a waɗanne garuruwa, yaushe aka gwada dawo da ajiya, kuma wane aiki ne zai ci gaba a haraba idan sabis ya ɗauke na mako biyu? Ita ma ƙungiyar ta fara da kanta. Rajistar mambobi da ta zaɓe ƙanana ne, sun isa a gwada wannan tsari a kansu kafin a je ana ba wasu shawara.

Ga malamanmu masu duba furojet kuma ina da shawara ɗaya, ko da 'yan ajinmu za su harare ni. Ranar karewa, idan ɗalibi ya gama nuna taswirarsa, a ce ya fara yi wa ɗalibin gwaji rajista. Yana tsakiyar cika fom sai malami ya miƙa hannu ya zare wayar intanet, ya ce ya ci gaba. Bayan minti goma a mayar da wayar, a buɗe kwafin nesa, a duba ko sunan ya iso, kuma sau nawa ya iso.